Wayar da ba ta kai azahar: nazarin matsalar batir a wata Galaxy S II a Kumasi

Wayar da ake magana a kanta Samsung Galaxy S II ce, samfurin GT-I9100, wadda ta fara shiga kasuwa a 2011. Mai ita wata Hajiya ce da ke sayar da atamfa da leshi a cikin babbar kasuwar Kumasi, gidanta kuma yana Aboabo. Ta hannu ta saye ta, irin waɗanda ake shigowa da su daga Turai bayan an more su, kuma cinikinta ya rataya a kanta: da ita take ɗaukar hoton sabon zane ta tura wa abokan hulɗarta na Tamale da Bawku ta WhatsApp, da ita take neman direbobin da ke ɗaukar kaya. Farkon 2015 ne, dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Gana, na kan ganiyarsa, har jadawalin rabon wuta ya kai a ba unguwa awa 12 a ɗauke na awa 24. Wanda wayarsa ba ta yini a lokacin, ya shiga uku.

Kukanta uku ne. Wayar ba ta kai azahar ko da ta kwana a caji. Tana ɗumi a cikin jaka ba tare da an taɓa ta ba. Sannan takan mutu ana tsakiyar magana alhali tana nuna saura kashi 30 ko 40 cikin 100, in an sake kunna ta ta nuna 5, wani lokacin kuma ta dawo da 25 kamar ba ita ba.

Abin da aka riga aka gwada

Kafin wayar ta isa teburin mai gyara a Adum, wajen PZ inda masu harkar waya suka yi dandazo, an riga an kashe mata kuɗi sau biyu. Da farko an sayo batir sabo mai kama da na asali. Da aka ga bai canza komai ba, aka yanke masa hukuncin jabu, aka jefa shi a durowa, aka sayo wani mai ruwan zinare da aka rubuta wa 2,800 mAh, wato ma'aunin yawan cajin da batir ke ɗauka. Wannan na biyun ne a cikin wayar lokacin da aka kawo ta, kuma da zuwansa ne mutuwar tsakiyar kira ta fara.

Wannan lamba kaɗai ta isa ta sa mutum ya ja baya. Batirin asali na wannan waya 1,650 mAh ne a kan bolt 3.7. Da kamfanin ya so ya fitar da mai 2,000 mAh, sai da ya ƙara masa kauri, ya haɗa shi da wani murfin baya mai zurfi domin ya samu wurin zama. To, in ƙarin 350 ya buƙaci sabon murfi, ta yaya ƙarin 1,150 zai shige tsohon gurbi ba tare da ya ƙara ko kaurin farce ba? Rubutu ne kawai a kan leda.

Ban da batira, wani yaron gida ya saka mata manhajar kashe manhajoji, wadda ke share duk abin da ke gudana a bayan fage kowane minti 15. Tun daga Android 2.2 na 2010 irin waɗannan manhajoji suka rasa ikon kashe abu ya mutu murus. Suna rufe WhatsApp, tsarin wayar ya sake tayar da shi, su sake rufewa, ya sake tayarwa, kuma kowane tashi yana cin wuta fiye da a bar shi ya zauna shiru a cikin ƙwaƙwalwa. An kuma ba ta shawarar da kowa ke bayarwa a tasha: ta bar batir ya mutu ƙurmus sannan ta yi masa cajin awa 8 ba tsayawa. Wannan shawara gado ce daga zamanin batiran nikel. Batirin litiyam, irin na wannan waya, ba ya son a kai shi ƙasa. Abin da ya fi masa shi ne a riƙa ƙara masa caji tun yana da saura.

Yadda aka tsara binciken

Mai gyaran bai buɗe wayar nan take ba. Tambaya ya fara yi.

"Mma Hajiya, batiran da kuka ce ba su da kyau, suna ina?"

"Suna gida, ɗana. Me za ka yi da matattun kaya?"

"A aiki yaro ya kawo su duka, har da tsohon da ya zo da wayar. Ya haɗo da cajar da kuke kwana da ita, da igiyarta."

Dalilinsa shi ne, kukan "batir ba ya riƙe caji" yana iya fitowa daga wuri uku da ba su da alaƙa da juna: wutar da ke shiga, abin da batirin ke iya ɗauka, da wutar da wayar ke zuƙa. Masu sayar da batir, abu na biyun kawai suke gani, domin shi ne ke kawo musu ciniki. In ba a auna kowane ɗaya shi kaɗai ba, sai a yi ta canza abin da lafiyarsa lau. Kayan aikin da aka yi amfani da su ba su da yawa: mitar awon lantarki, rezisto (ɗan abin da ake haɗawa da batir ya ja wuta daidai gwargwado) mai om 10 da ƙarfin wat 5, na'urar ba da wuta ta kan tebur mai nuna abin da waya ke ja, da kwamfuta mai gurbin memori.

Batira uku

Tsohon na asali bai ɗauki lokaci ba. An ajiye shi a kan gilashin tebur aka murza gefensa da yatsa, ya yi ta juyawa. Batir mai lafiya shimfiɗe yake, ba ya juyawa. Wanda ya juya cikinsa ya kumbura da iskar da ke taruwa idan sinadarinsa ya fara lalacewa. Irin wannan ba a gwada shi, ba a matsa shi, ba a huda shi. An rufe ƙafafunsa na tagulla da salatif aka ware shi.

Sauran biyun an cika su a cikin wata waya mai lafiya har bolt 4.2, aka bar su suka huta rabin awa, sannan aka yi musu gwaji iri biyu.

Na farko gwajin ɗaukar nauyi ne. A auna bolt ɗin batir yana zaune, sannan a haɗa reziston tsakanin ƙafar tabbatacciya (+) da ta korau (-), a sake aunawa nan take. Rezisto mai om 10 yana jan wuta kusan 400 mA (1,000 mA ne amfiya 1). Batir mai ƙarfi ba zai sauka fiye da bolt 0.1 ba. Wanda aka jefa a durowa ya sauka da 0.07. Mai ruwan zinare ya sauka da 0.2, wato turjiyar cikinsa ta kai rabin om.

A nan amsar mutuwar tsakiyar kira take. Waya a kan layin GSM, wato 2G, ba ta jan wuta a miƙe. Tana fizgarta ne a gajerun bugu, kuma inda sabis ke da rauni kowane bugu na iya kusantar amfiya 2. A batir mai turjiyar rabin om, wannan fizga tana zubar da kusan bolt 1 cikin ƙiftawar ido. Batirin da ke zaune a 3.75, wanda allo ke nuna wa kashi 35 ko 40, sai ya faɗo ƙasa da bolt 3, wayar ta ɗauke. Da an daina jan wutar sai bolt ɗin ya farfaɗo, shi ya sa take dawowa da lamba daban kowane lokaci. Kamar tsohon jaki ne, a tsaye ba ka ganin aibinsa sai an ɗora masa kaya. Saboda haka auna batir da mita kawai, ba tare da an ɗora masa nauyi ba, ba ya nuna komai. Mai sayarwa zai nuna maka 4.1 a mita ya ce ka gani da idonka, kuma bai yi ƙarya ba.

Gwaji na biyu na yawan abin da batir ke ɗauka ne. A bar reziston a haɗe, a duba agogo, a riƙa aunawa kowane minti 15 har bolt ya sauko 3.3, sai a cire. Matsakaicin abin da ake ja kusan 370 mA ne, don haka a ninka wannan da yawan awannin. Batir mai 1,650 na gaskiya ya kamata ya kusanci awa 4 da rabi. Reziston yana zafi sosai, a ɗora shi a kan tayil ko ƙarfe, kada a bar shi a kan takarda, kuma kada a tafi salla a bar shi haɗe. Mai ruwan zinare ya yi awa 2, wato kusan 750 mAh, bai kai ko kashi ɗaya cikin uku na abin da aka rubuta masa ba. Wanda aka yi wa ƙazafin jabu ya yi awa 3 da minti 50, kusan 1,400 mAh. Ba sabo fil ba ne, da alama ya daɗe a ajiye kafin a sayar da shi, amma lafiyayye ne. Shi aka mayar cikin wayar, ba a sayi wani ba.

Caja da igiyarta

Cajar asali ta wannan waya tana ba da bolt 5 da amfiya 0.7, wayar kuma tana karɓar kusan 650 mA daga cajar bango, kusan 450 daga kwamfuta. Da lissafi, daga ƙasa zuwa cika bai kamata ya wuce awa 3 da 'yan mintuna ba: kashi 80 na farko yana shiga da sauri, ragowar kuma a hankali, domin da batir ya kai bolt 4.2 wayar takan riƙe shi a nan ta yi ta rage wutar har ya ƙoshi.

Cajar Hajiya ba ta da suna, kuma a hannu ba ta da nauyi ko kaɗan. Ba a haɗa mata komai ba ta nuna 5.1, da aka ɗora mata waya ta sauko 4.6. Igiyar kuma mai tsawon mita 2 ce, an zaɓe ta domin ta kai daga soket zuwa bakin gado. Siririyar wayar tagulla da ke cikin irin waɗannan igiyoyi tana da turjiyar kusan om 0.2 a kowace mita, kuma wuta zuwa take yi ta dawo, don haka mita 2 ta zama mita 4, kusan om 0.85. A 650 mA wannan yana cinye fiye da rabin bolt a hanya. Abin da zai iso bakin wayar bai kai 4.1 ba, alhali ana son a tura batir zuwa 4.2. Dole wayar ta rage abin da take ja ƙwarai, caji ya koma rarrafe. Da aka matsa da tambaya, Hajiya ta tuna cewa sau da yawa da asuba 80 da wani abu take gani, ba 100 ba.

A ranakun da babu wuta a Aboabo, ana kai batirin ne wurin mai cajin janareta, a cire shi a maƙala a irin cajar nan mai ƙusoshi biyu da ake daidaitawa da ƙafafun batir. Waɗannan suna ba da wuta kaɗan, kuma da yawansu suna kunna koriyar fitila tun batir bai cika ba. Batirin da aka cire daga caja yanzu-yanzu bolt ɗinsa yana sama, shi ya sa in an saka shi waya takan nuna 95 ko 100, bayan minti 20 ta faɗo 70. Ba zuba ya yi ba, dama bai shiga ba.

An canza caja zuwa ta asali, da igiya gajera mai kauri da ba ta kai mita 1 ba. Wata alama da ta ɓace tare da tsohuwar cajar ita ce rawar da allo ke yi idan ana caji, yana danna abin da ba a taɓa ba. Wannan alamar caja ce mai ƙazantar wuta, kuma dalili ne na jefar da ita ko da tana cika batir.

Wayar da ba ta barci

Wannan shi ne ginshiƙin matsalar, kuma shi ne dalilin da ya sa batir mai kyau ya sha zargi.

An fara da cire batir aka haɗa wayar da na'urar ba da wuta a bolt 4. A kashe, allurar ba ta motsa ba. Wannan labari ne mai daɗi, domin da tana jan 30 ko 50 mA a kashe, da sai a ce wani abu ya haɗe a kan allon injin, wato faifan cikin waya da sassanta ke manne a kai, aikin kuma ya zama na hura zafi da ciro ƙananan sassa. Aka kunna ta, aka kashe allo, aka jira. Waya mai lafiya cikin minti 1 ko 2 takan faɗa barci mai nauyi, abin da take ja ya sauko ƙasa da 10 mA, sai ɗan tsalle lokaci-lokaci idan tana gaisawa da turken sabis. Wannan ta tsaya tsakanin 80 da 100, ta ƙi sauka.

Wanda ba shi da wannan na'ura yana iya ganin abu ɗaya daga cikin wayar. Tana kan Android 4.1.2, kuma tun daga 4.0 in aka shiga Settings aka zaɓi Battery aka taɓa zanen da ke sama, za a ga layuka a ƙasansa. Biyu ne abin dubawa: Awake, wato lokacin da injin ke farke, da Screen on, lokacin da allo ke kunne. A waya mai lafiya kusan tare suke tafiya. A wannan, layin farkawa a cike yake tun daga dare har safe ba tsinkewa. A jerin masu cin wuta kuma, abin da ake kira Media ne a sama, ya wuce allo, abin da bai kamata ya faru ba a wayar da ba a kallon bidiyo da ita.

Media shi ne ma'aikacin da ke zagaya fayiloli yana rubuta sunayen hotuna da sautuka domin su bayyana a gurbinsu. Aikinsa na 'yan mintuna ne bayan an kunna waya. Amma in ya ci karo da lalataccen fayil yakan maƙale, ya koma farko, ya sake maƙalewa, ya hana injin barci. An cire memori aka sake kunna wayar: cikin minti 3 allurar ta sauko.

Memorin an rubuta masa 16 GB, kuma a bakin kasuwa aka saye shi cike da karatu da wa'azi. Da aka gwada shi a kwamfuta da H2testw, manhajar da ke cika kati da bayanai ta sake karanta su, sai ga shi bai kai 4 GB na gaskiya ba. An yi masa dabara ne ya riƙa faɗin ƙarya game da girmansa. Duk abin da aka zuba bayan gurbin gaskiya ya cika, sunansa zai fito amma cikinsa shara ne. Wannan ya bayyana wani abin da Hajiya ba ta ma kawo kuka a kansa ba, wato hotunan atamfa da ke buɗewa rabi, ƙasansu toka-toka. An kwashe abin da ke karantuwa zuwa kwamfuta, aka sa kati na gaskiya mai 8 GB, aka goge shi daga cikin wayar kanta, aka mayar da fayilolin kashi-kashi ana duba allura bayan kowane kashi. Sannan a cikin jerin manhajoji aka share bayanan Media Storage domin ya sake lissafinsa daga tushe. Wannan ba ya goge hoto ko sauti, amma yakan mayar da ƙarar kira zuwa ta asali, sai an sake zaɓa.

Bayan wannan saura wani abu ɗaya: allo yana kunna kansa jefi-jefi, wani lokaci da ɗan ƙaran nan na an sa caji alhali ba a sa ba. Da aka haska bakin caji da tocila aka ga ƙurar zare ta dunƙule a ciki, ga kore-kore a kan ƙafafun. Gumi da laima da ƙura in sun haɗu sukan zama 'yar gada tsakanin ƙafafun, wayar ta ɗauka an soka mata wani abu. An cire batir, aka zaƙulo dattin da tsinken sakace, ba da allura ba, aka wanke da sifirit da tsohon burushin haƙori, aka bar shi ya bushe minti 15.

A nan ne aka cire manhajar kashe manhajoji. Akwai kuma masu cewa a goge wani fayil mai suna batterystats.bin wai don batir ya daidaita. Tun a Janairun 2012 wata injiniyar Android a Google ta bayyana cewa fayil ɗin lissafin waɗanda suka ci wuta kawai yake riƙewa, ba ruwansa da yawan cajin da allo ke nunawa. Ba a taɓa shi ba.

Rumfar kanta

Gwajin da aka yi a Adum bai isa ba, domin ba a Adum wayar ke yini ba. Rumfar Hajiya tana can cikin layin 'yan atamfa, rufin kwano a sama, bangon dilolin zane ta kowane gefe. An nuna wa ɗanta inda zai duba ƙarfin sabis da lamba, a Settings, About phone, Status, aka ce ya rubuto abin da ya gani a cikin rumfa da kuma a bakin titi. Lambar da alamar ragi take zuwa, kuma ƙaramar lamba ita ce mai kyau: -70 sabis ne mai ƙarfi, -90 na lallaɓawa, daga -100 zuwa sama kuwa waya tana wahala. A bakin titi ya samu -79. A cikin rumfa, a kan 3G, tsakanin -103 da -107, kuma alamar tana ta sauyawa tsakanin H, wato 3G, da E, wato 2G.

Ba laifin kamfanin layin ba ne. A lokacin 3G a Gana a kan zangon 2100 MHz yake, 2G kuma a kan 900 da 1800, kuma ƙaramin zango ya fi ratsa gini da kwano. Waya in ta ji turke ya yi mata nisa sai ta ƙara ƙarfin da take aikawa da shi, in kuma aka bar ta ta zaɓa da kanta sai ta yini tana tsalle tsakanin biyun, kowane tsalle da kuɗinsa. Da aka kulle ta a GSM only, a cikin Mobile networks, lambar rumfa ta dawo -87 ta zauna.

Wannan gyara yana da farashi, kuma an gaya mata. A kan 2G saƙon rubutu na WhatsApp yana tafiya lafiya, amma hoto yana jan ƙafa, kuma data takan tsaya cak idan ana kira. Shawarar da aka tsayar ita ce ta ɗauki hotunan sabon kaya ta tara, idan ta fito salla ko cin abinci inda sama ke buɗe ta mayar da wayar 3G ta tura su gaba ɗaya, ta sake kullewa. A ganinmu wannan ya fi barin hoto ɗaya yana ta juyawa minti 5 a cikin rumfa, allo a kunne, waya na zafi a hannu.

Allo bai buƙaci dogon bincike ba. Haskensa a ƙure yake, an sa ya jira minti 10 kafin ya mutu, ga hoton bango mai motsi. An sauke haske zuwa kashi ɗaya cikin uku, wanda ya isa a inuwar rumfa, aka mayar da jira daƙiƙa 30. Allon wannan waya irin AMOLED ne, kowane ɗigo da fitilarsa, baƙi kuma a kashe yake, don haka aka sa bango baƙi. A wayar da allonta LCD ne wannan dabara ba ta rage komai. An kashe Wi-Fi tunda babu shi a kasuwa, aka hana Facebook sabunta kansa. Bluetooth da GPS, waɗanda mutane suka fi zargi, ba su taka wata rawa a nan ba.

Lissafin yini

In aka jera lambobin, mutuwar azahar ba abin mamaki ba ce. Batir mai 750 mAh da ya fito gida da kashi 85 yana ɗauke da kusan 640. Rashin barci kaɗai yana cin kusan 90 a kowace awa, wato 540 daga ƙarfe 7 zuwa ƙarfe 1, tun ba a yi kira ko ɗaya ba. Ko batirin durowa mai 1,400, a wannan hali, da rabin cikinsa ya tafi a banza kafin la'asar, ga cajin da ba ya cika, ga sabis mai wahala. Dole ya yi kama da jabu.

Bayan gyara lissafin ya koma haka: awa 2 na kira, kusan 450, awa 1 da rabi na allo da data, kusan 550, awa 10 na zaman jira, kusan 150. Jimla 1,150 cikin 1,400. Abin da aka gani a makon farko bai yi nisa da wannan ba, wayar tana kai isha'i da saura kashi 15 zuwa 20. Ba za ta yi kwana biyu ba, kuma babu wayar wancan zamani mai babban allo da ke yi a hannun ɗan kasuwa. Wanda ya saba da ƙaramar Nokia mai yin kwana huɗu ya daina wannan kwatancen.

Zama da dumsor

Tunda a lokacin wuta na iya yin awa 24 ba ta zo ba, caji ɗaya ba zai wadatar ba. An auna tsakanin batir na biyu da fawa-banki, aka zaɓi fawa-banki, domin yawan ɓalle murfi yana karya haƙoransa, kuma samun batir na gaskiya na wayar da ta shekara 4 a kasuwa sai an dace. Sai dai a san lissafinsa. Mai 10,400 mAh ƙwayoyi 4 ne masu 2,600 a cikinsa, kuma lambar a kan bolt ɗin ƙwayoyin take. Kafin a ɗaga wutar zuwa bolt 5 a tura ta igiya, abin da ke fita bai fi 6,000 da 'yan kai ba, wato cika wannan waya sau 3 zuwa 4. Ƙaramin abu mara nauyi da aka rubuta wa 20,000 ko 50,000, ɗan'uwan batirin zinare ne.

In an ɗauke wuta a zare caja daga bango, in an kawo a jira minti 5 kafin a mayar, domin dawowar wuta takan zo da tsalle, kuma caja ce ke fara shan dukan. In dole sai an je wurin mai janareta, a kai wayar da cajarta da igiyarta, kada a ba da batir tsirara; in kuwa an ba da shi, a yi masa alama da jan farce, domin a teburin da batira 40 ke jere musanya ba ta da wuya. Zafi kuma shi ne babban mai tsufar da batir. Ba a son a yi caji yana sama da digiri 45, kuma a Fabrairu da Maris, ƙarƙashin kwano, waya a cikin jaka tsakanin zannuwa tana caji daga fawa-banki ba ta da nisa da wannan. A fito da ita, a cire mata riga, a ajiye ta inda iska ke bi, kuma a bar dogon kira sai an zare ta.

Abin da ya dawo

Da damina ta kankama allo ya sake fara kunna kansa, wankin sifirit kuma bai ƙara yin aiki ba, domin tsatsa ta riga ta ci ƙafafun. A wannan samfuri bakin caji ba a kan babban allon injin yake ba, yana kan wani ƙaramin allo ne a ƙasan wayar da ake cirewa da sukudireba ba tare da an narka dalma ba, don haka aikin bai kai rabin awa ba. Amma akwai tarko a ciki. Makirfon na kan wannan ƙaramin allo, hanyar eriya ma ta nan ta bi, kuma ana samunsa da lambobin bita daban-daban, ga na kwaikwayo da yawa a kasuwa. In aka sa wanda bai dace ba caji zai yi kyau, amma sabis ya raunana, wayar ta koma cin wuta ta wata ƙofar. Saboda haka aka karanta lambar da ke jikin tsohon aka nemo mai irinta, aka rubuta ƙarfin sabis a kan tebur kafin a kwance, aka sake dubawa a daidai wurin bayan an ɗaure: -75 kafin, -76 bayan. Aka yi kiran gwaji don a tabbatar ana jin murya, sannan aka mayar da murfi.